Tambaya da Amsa: Saitin Tafet a Injin Mai Lifta Haidirolik

Wasiƙu da dama sun iso mana a kan saitin bawul, wato saitin tafet, a injinan da liftarsu ke aiki da baƙin mai, wadda makanikai ke kira haidirolik. Lifta ita ce ɗan ƙarfen da kam, wato sanda mai tozaye da ke juyawa a cikin inji, ke ɗagawa don bawul ya buɗe. Mun zaɓi tambayoyin da suka fi maimaituwa, mun taƙaita su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan koyo ne a gareji. An sake haɗa kan wani injin Chevrolet 350 mai silinda takwas, maigidana ya ce in saita tafet ɗinsa. Da na ɗauko fila gej sai ya ce in mayar, wannan injin ba a sa masa gej. To, yaya ake saita abin da ba a aunawa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Maigidanka ya gaya maka gaskiya. Gej aikinsa auna rata, kuma ratar ana barinta ne a injin da liftarsa ƙarfe ce zalla, domin idan ƙarafa suka ɗauki zafi suka miƙe su sami wurin shiga. Lifta haidirolik ita ke cike wannan ratar da kanta, a sanyi da zafi, saboda haka babu abin da gej zai shiga ya auna.

Ka buɗe tsohuwar lifta ɗaya ka gani da idonka, zai fi maka bayanin baki. Gwangwanin ƙarfe ce kamar babban yatsa. A cikinta akwai ɗan ƙaramin fistin, ƙarƙashinsa ɗakin mai, da sifirin marar ƙarfi mai tura fistin ɗin sama, da wani ɗan mitsitsin ƙwallon ƙarfe da ke barin mai ya shiga ɗakin amma ya hana shi komawa. A sama akwai kofin da fushrod, wato siririyar sandar da ke kai turin lifta sama, ke zama a kai, da ƙawanyar waya mai hana fistin ficewa. Duk lokacin da lifta take kan gadon bayan kam, wato gefen da ba shi da tozo, sifirin yakan tura fistin sama ya cinye duk wani wasa, mai ya shigo ya cika ɗakin. Da tozon kam ya zo ya ɗaga ta, ƙwallon ya rufe ƙofa, man ya rasa mafita, lifta ta zama kamar dunƙulen ƙarfe, ta tura fushrod, fushrod ya tura roka, wato ƙarfen da ke lilo a kan kusa a saman kan silinda, roka ya buɗe bawul.

Abin da ake nema a wajenka shi ne ka ajiye ɗan fistin nan a cikin hanyarsa, kada ya tsaya can sama yana dukan ƙawanya, kada kuma ya nutse ƙasa. Yawancin masu ƙera lifta suna son a danna shi tsakanin milimita 0.5 zuwa 1.5. Da zagayen noti ake samun wannan dannin.

Ka fara da cire wayar batir da filogi duka takwas, domin inji ya juyu da hannu ba wahala. Ka sa soket a kusar fulin karanshaf, ka riƙa juyawa ta hanyar da injin ke juyawa idan yana aiki. Hanyar da muka fi yarda da ita, don tana aiki a kowane irin kam, ita ce ta kallon bawul biyu na silinda ɗaya. Ka juya inji har ka ga bawul na hayaƙi ya fara buɗewa. A wannan lokacin liftar bawul na shiga tana kan gadon bayan kam, sai ka saita na shiga. Ka ci gaba da juyawa har na shiga ya buɗe duka, ya juyo, ya kusa rufewa. Nan kuma sai ka saita na hayaƙi. Kada ka rikita su: wanda yake motsi ba shi ake saitawa ba, ɗan'uwansa ake saitawa.

Saitin kansa kashi biyu ne, kuma a kashin farko gizo ke saƙa. Ka sassauta notin roka, a wannan injin soket 5/8 ke kama shi, har fushrod ya riƙa wasa. Ka kama fushrod da yatsu biyu kana ɗaga shi sama kana sauke shi, ɗaya hannun yana ɗaure noti a hankali. Wasan zai riƙa raguwa. Daidai inda ka daina jin ƙwas-ƙwas ɗin sama da ƙasa, ka tsaya cak. Nan ne wasa ya ƙare, daga nan ake fara lissafi. Kashi na biyu mai sauƙi ne: ka ƙara zagayen da aka ƙayyade, ka yi wa rokan alama da alli, ka wuce.

Zagaye nawa? Littattafan gyara na kamfanin Chevrolet sun daɗe suna faɗin zagaye ɗaya cikakke ga tsofaffin injinan nan, masu ƙera kam da lifta na canji kuma galibi rabin zagaye zuwa kashi uku cikin huɗu suke so, wasu ma rubu'i. Lissafin ba boyayye ba ne. Kusar roka mai kaurin inci 3/8 tana da zare 24 a inci ɗaya, saboda haka zagaye ɗaya na sauke tsakiyar roka kimanin milimita 1.06. Da yake bakin roka yana tokare da kan bawul, ɓangaren fushrod ne ke sauka, kuma ya fi tsakiyar sauka: a roka mai ninkin 1.5, wato wanda tsawon ɓangaren bawul ɗinsa ya kai na ɓangaren fushrod sau ɗaya da rabi, zagaye ɗaya ya kai kusan milimita 1.8 a kan lifta, rabin zagaye kusan 0.9. Idan kusar mai kaurin 7/16 ce mai zare 20, rabin zagaye ya ɗan haura milimita 1. Ka ga ke nan rabin zagaye yana ajiye ka a tsakiyar abin da ake so. Idan liftar ta zo da takardarta, abin da takardar ta ce shi za ka bi.

Akwai gajeriyar hanya ta kamfani ga injin da kam ɗinsa na asali ne. Ka kawo silinda ta 1 ƙololuwar matsi, alamar taimin tana kan sifili, bawul ɗinta biyu a rufe. Ka saita na hayaƙi a silinda 1, 3, 4, 8, da na shiga a 1, 2, 5, 7. Ka juya karanshaf zagaye ɗaya cur, alama ta dawo sifili, yanzu silinda ta 6 ce a ƙololuwa. Ka saita na hayaƙi a 2, 5, 6, 7, da na shiga a 3, 4, 6, 8. Wannan jerin na injin da ke tashin wuta 1-8-4-3-6-5-7-2 ne kawai. Kada ka ɗauke shi ka kai kan Ford, kada kuma ka yi amfani da shi a kan kam mai dogon tozo irin na tsere, domin a can wasu liftocin sun riga sun fara hawa gangaren tozo a wuraren nan biyu.

Tambaya: Malam, na sa sababbin lifta, na bi ƙa'idar murza fushrod har ya daina juyawa, sannan na ƙara rabin zagaye. Yanzu injin da ƙyar yake tashi, idan ya tashi sai karkarwa, yana tari ta kafireta. Ina kuskuren yake?

Amsa: Malam, kuskuren yana cikin wannan "har ya daina juyawa". Sabuwar lifta babu mai a ɗakinta, sifirin ɗin nan marar ƙarfi ne kaɗai ke riƙe da fistin. Kana ɗaure noti fistin yana nutsewa, fushrod kuma yana ci gaba da juyawa a yatsunka, musamman da yake an shafa masa mai. Lokacin da ya ƙi juyawa, fistin ya riga ya kai ƙasa. Rabin zagayen da ka ƙara a kan haka bawul ya buɗe. Bawul ɗin da bai zauna a kujerarsa ba kuwa ba ya riƙe matsi: na shiga zai mayar da wuta ta kafireta, wanda shi ne tarin da kake ji, na hayaƙi kuma zai ƙone, domin ta wajen zama a kujerarsa ne yake sauke mafi yawan zafinsa.

Kada ka ci gaba da tayar da shi a haka. Ka sassauta rokokin duka, ka ba liftocin 'yan mintuna fistin ɗinsu ya dawo sama, ka sake daga farko da gwajin sama da ƙasa. Idan manifol na shiga, wato bututun da ke raba iska da fetur ga silinda, a cire yake, aikin ya fi sauƙi, don za ka ga kofin lifta da idonka: lokacin da ya fara rabuwa da ƙawanyar waya, nan ne wasa ya ƙare. Masu murzawar da suka ƙware ba tsayawar fushrod suke jira ba, ɗan nauyin farko da yatsa zai ji suke nema, kuma wannan sai hannun da ya daɗe yana yi.

Bayan ka gama, ka auna matsin kowace silinda. Idan duk sun zo kusa da juna, ka tsira. Idan ɗaya ta faɗi ƙasa sosai alhali saitinta daidai ne, ka ciro fushrod ɗinta ka mirgina shi a kan gilashi. Wanda ya lanƙwashe zai riƙa tsalle. Idan fushrod lafiya lau ne, sai a duba bawul, don mai yiwuwa ya taɓa kan babban fistin na silinda.

Tambaya: Na ga tsofaffin makanikai suna saitawa inji yana aiki. Wannan hanyar ta fi ne?

Amsa: Tana aiki, kuma tana da amfani a tsohon injin da liftocinsa suka riga suka cika da mai. A bar inji ya yi zafi, a bar shi a silo, a cire murfin tafet na gefe ɗaya. A sassauta notin roka har ya fara ƙara, a ɗaure a hankali har ƙarar ta ɗauke. Wannan shi ne inda wasa ya ƙare. Daga nan a ƙara rubu'in zagaye, a dakata kamar daƙiƙa goma. Za a ji injin ya ɗan yi tuntuɓe sannan ya daidaita, lifta ce take rage man cikinta. Sai a ƙara wani rubu'in, a sake dakatawa, har a cika adadin. Wanda ya zuba zagayen gaba ɗaya a lokaci guda ya buɗe bawul da hannunsa alhali babban fistin na silinda yana kai da kawo a ƙarƙashinsa.

Illarta mai ne. Yana fitowa ta ramin fushrod ya fantsama kan manifol na hayaƙi mai zafi, ga hayaƙi, ga haɗarin gobara. Akwai 'yan maƙalai da ake sa wa roka su tare man, wasu kuma sukan yanke saman tsohon murfin tafet su ɗaura shi. Sabon haɗi dai ba a yi masa wannan, domin sabon kam ba ya son zama a silo, kamar yadda za mu faɗa a ƙasa.

Tambaya: Motata tana ƙaf-ƙaf da safe, wani lokaci ta daina, wani lokaci ta wuni tana yi. An ƙara ɗaure rokoki sau biyu, ƙarar tana dawowa. A ƙara ɗaurewa ne?

Amsa: A'a, a dakata haka, kada garin gyaran gira a rasa ido. Lifta haidirolik da aka saita daidai ba ta bukatar a riƙa komawa kanta. Idan ƙara ta dawo bayan saiti, wani abu ne yake cinyewa ko yake sassautawa, kuma ƙarin ɗauri ɓoye shi kawai yake yi.

Ƙarar da ke zuwa da tashin farko ta ɗauke cikin 'yan daƙiƙu ba ciwo ba ce. Inji idan ya tsaya, dole wasu bawul su kwana a buɗe, sifirin ɗinsu yana danne lifta har man cikinta ya tsiyaye. Da famfo ya kawo mai sai ta cika. Idan tana ɗaukar minti ɗaya ko fiye, a duba filtar mai, domin wadda robarta mai hana mai komawa ta lalace tana barin hanyoyin mai su kwana a bushe.

Wadda ke wuni kuwa, a fara da ma'aunin mai. Mai idan ya yi ƙasa famfo yana haɗawa da iska, idan ya yi yawa kuma karanshaf yana kaɗa shi ya yi kumfa. Duka biyun iska suke kai wa lifta, iska kuwa tana matsuwa, saboda haka lifta ta yi laushi. Daga nan a sa agogon auna ƙarfin mai na gaske, kada a dogara da fitilar dashbod. Idan ƙarar tana fitowa ne bayan inji ya yi zafi yana silo, ta ɗauke da an taka totur, to ko man ya yi ruwa da yawa, ko famfo da beyarin sun gaji, ko liftar ta cinye tana zubar da mai da sauri. Idan roka ɗaya ce ke ƙara kullum, a kashe inji, a kawo liftarta gadon bayan kam, a danna rokan ta ɓangaren fushrod. Lafiyayyar lifta mai cike da mai tauri gare ta. Wadda ta nutse nan take ƙwallonta ba ya rufewa, sau da yawa saboda ɗan datti ko daskararren mai.

Sauran masu laifin a waje suke. Notin roka na asali bakinsa a matse yake don ya riƙe kansa, kuma idan an sha kwance shi yakan saki. Wanda ya juyu ba tare da turjiya ba a canja shi. A kawunan da kusar roka dannawa aka yi ba ɗaurawa ba, kusar tana iya zarewa sama a hankali. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan jerin kusoshin, wadda ta fi 'yan'uwanta tsawo ita ce. Mafi muni shi ne tozon kam ya cinye. Alamarsa, rokan yana motsi kaɗan idan aka kwatanta da na kusa da shi, notinsa ya nutse ya bar zare da yawa a sama, kuma idan aka yanka filtar mai za a ga garin ƙarfe. Wannan sai canjin kam da lifta duka, da wanke inji.

Kafin a kwance komai ma, a tabbata ƙarar ta tafet ce. Gaskit ɗin manifol na hayaƙi idan ya fashe yana yin irin wannan ƙaf-ƙaf ɗin, ya fi ƙarfi da sanyi, kuma yakan bar baƙin tabo a wajen. Injekta ma tana da nata ƙyas-ƙyas. A ɗora bakin doguwar sukudireba a kan murfin tafet, a kara kunne a marikinta, a bi wuri-wuri.

Tambaya: Injina ba shi da notin saiti, kusa ce kawai ake ɗaurewa ta tsaya. An kankare kan silinda saboda ya lanƙwashe, yanzu inji ba ya zama daidai a silo. Akwai abin da ake saitawa?

Amsa: Akwai, sai dai ba da sifana ba. A irin wannan injin, kamar jerin LS na kamfanin GM da ake ɗaure kusar rokarsu a kan 30 Nm, da yawancin injinan Ford masu roka a kan turke, tsawon fushrod ne ke yanke yawan dannin lifta. Kankare kai yana sauko da roka kusa da kam, danni ya ƙaru. Gyaran kujerar bawul ma haka, don bawul yana nutsewa, kansa ya ƙara fitowa sama. Gaskit mai kauri da kam ɗin da aka sake wa gadon baya su kuma rage shi suke yi. Kankara kaɗan lifta tana shanyewa, amma idan an haɗa ta da gyaran kujeru, ko kan ya sha kankara a baya, abin yakan wuce iyakarta.

Ana auna shi da fushrod na gwaji mai miƙewa da gajarcewa. A kawo lifta gadon bayan kam, a sa na gwajin a gajarce, a ɗaure roka yadda littafi ya ce, a miƙa shi har wasa ya ƙare, a ciro a auna. A ƙara dannin da ake so a kan wannan tsawon, a nemi fushrod mai wannan awon. A auna aƙalla silindar farko da ta ƙarshe a kowane gefe. Idan ragin da ake bukata kaɗan ne a roka mai turke, akwai siraran zobban ƙarfe, wato washa, da ake sawa a ƙarƙashin turken. Ƙara wa kusar ɗauri fiye da ƙa'ida ba ya canja komai sai yage zare, musamman a kan alminiyam.

Tambaya: Ƙaramar mota gare ni mai kam a sama. Wannan maganar ta shafe ni?

Amsa: Ya danganta da injin. Injinan Toyota irin 2ZR-FE da 2AR-FE da 2GR-FE suna da 'yan na'urorin haidirolik masu cike rata da kansu kamar lifta, babu abin saitawa. Idan ɗaya ya mutu canja shi ake yi, kuma abin da ke raya su tsabtataccen mai ne mai kaurin da littafi ya faɗa. Amma 1ZZ-FE da 2AZ-FE kofunan ƙarfe zalla gare su, ana auna ratarsu da gej inji yana sanyi, a gyara ta hanyar canja kofi da mai wani kaurin. Injinan Honda na jerin D da K kuma sukuru da noti ne, su ma da gej. Ka duba lambar injinka kafin kowa ya buɗe murfin.

Tambaya: An ce in jiƙa sababbin lifta a baƙin mai su kwana, in kuma yi ta danna su har su cika kafin in sa. Haka ne?

Amsa: Jiƙawa ba ta da illa, amma dannawa har su cika su yi tauri muna hana ta. Liftar da aka cika ba ta nutsewa da wuri idan ka ƙara zagayen noti, bawul ne zai buɗe, sai ka juya inji a haka ko ka ɗauka saitin ne ya ɓaci. A wanke su, a shafa mai a jikinsu, a shafa man haɗin kam mai kauri a ƙasansu da kan tozo idan masu shafaffen gindi ne. Masu taya a ƙasa, irin waɗanda Chevrolet ya fara sa wa ƙananan V8 ɗinsa na motocin fasinja a 1987, baƙin mai ya ishe su. Bayan saiti, a cire distirbuta, a juya famfon mai da injin huda da sandar da aka yi don haka, har mai ya fito a kan kowace roka. A nan ne liftocin za su cika, a inda ya kamata.

Lifta mai shafaffen gindi a ido ne kawai take shafaffe. Gindinta yana da ɗan tudu, tozon kam kuma yana da ɗan karkata, wannan ne ke sa ta riƙa juyawa a raminta. Kowace lifta tana sabawa da tozonta, shi ya sa idan za a mayar da tsofaffi dole kowace ta koma ramin da ta fito, tsohuwa kuma ba a ɗora ta a kan sabon kam ko da tana sheƙi.

Tashin farko shi ke yanke wa kam hukunci. A tabbata taimin da fetur da ruwa duk a shirye suke, domin inji ya kama nan take ba tare da dogon bugun sitata ba, wanda ke share man haɗin. Da ya kama a kai shi tsakanin juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti, a riƙa ɗan hawa da sauka a tsakanin, na minti 20 zuwa 30, kada a bar shi a silo, don yawancin man da ke isa tozon kam fantsamar karanshaf ce. A yi amfani da man da aka yi don sabon haɗi, mai yawan sinadarin zinki. Idan zafi ya hau ko wani wuri ya fara yoyo, a kashe, a gyara, a sake tayarwa a koma kan juyin nan kai tsaye. Ƙaf-ƙaf na 'yan mintunan farko iskar cikin lifta ce take fita. Bayan an gama a zubar da man, a canja filta, sannan a buɗe murfin tafet a tayar da inji a silo na ɗan lokaci a kalli fushrod ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ba ya juyawa, liftarsa ma ba ta juyawa, sai a kashe inji a ciro ta a duba gindinta da tozon da take kai.